Famfon da Ayuba Bai Gyara Ba

Ku da kuke ɗaukar wasa da waya yanzu, kun ɗauka sana'ar nan ba komai ba ce illa mutum ya karkace hula, ya murguɗe baki, abokinsa ya danna waya, gobe a wayi gari an san shi. To ku gyara zama. Ni Bala, na fi shekara talatin ina rubuta wasan barkwanci na talabijin a garin nan na Bauchi, ina kuma ba da umarni a wurin ɗauka. Cikin duk abin da na rubuta, kalma biyu kacal mutane suka riƙe, su ma ba ni na rubuta su ba.

A hannun Malam Isiyaku na koya, Allah ya jiƙansa. Mutumin Ƙofar Wambai ne, tsohon malamin firamare, yana da ƙungiyar wasa da take kai wa gidan talabijin shiri duk mako. Ranar da na je masa da littafina cike da labarai, ko buɗe shi bai yi ba. Wata doguwar gora ya miƙo mini, an ɗaure makirfo a bakinta da robar tayar keke. Ya ce, "Riƙe nan. Kada ta shiga hoto, kada kuma ta yi nisa da bakin mai magana." Shekara biyu ina riƙe da gorar nan, kafaɗa ta ƙage, rana ta dake ni. Sai daga baya na gane abin da yake koya mini. Mai gora shi ne yake jin inda ɗan wasa ya ja numfashi, yake jin maganar da ta mutu tun kafin ta gama fita daga baki. Da na fara rubutu, kunnena ya riga hannuna ƙwarewa.

Kayan aikinmu kuwa, in kun gan su yau sai ku ɗauka na gwangwan ne. Kyamara ɗaya ce, ita ma aro muke yi daga gidan talabijin, mai ɗaukarta sai ya naɗa gammo a kafaɗa. Batirinta ba ya kai awa. Kaset huɗu gare mu, a goge a sake ɗauka a kai, har fuskar mutum ta riƙa rawa a hoto. Haske kuwa kwali ne muka manne shi da takardar cikin ganyen shayi mai walƙiya, a tare rana da shi a jefa wa ɗan wasa a fuska. Akuya ta yi kuka, a sake. Mai tallar kalanzir ya wuce, a sake. Rubutun wasan a tafireta nake bugawa da kabon, kwafi biyar a lokaci guda. Na biyar ɗin da ƙyar yake karantuwa, shi ake ba wa wanda maganarsa ba ta da yawa.

Da tsufa ya zaunar da Malam Isiyaku, ya bar mini ƙungiyar, sai na ƙirƙiro shirin da muka kira Lamba Sha Bakwai. Labarin gidan haya ne: maigida marowaci, da 'yan hayarsa, tela da malamin makaranta da wata nas. A wani gida na gaske muke ɗauka a unguwar Ɗan Iya, na wani ɗan'uwan mahaifiyata, yana ba mu tsakar gidan Asabar da Lahadi. Babban ɗan wasanmu Sabo ne, shi ne yake fitowa a maigidan. Sabo ya karanta wasan kwaikwayo a kwaleji, shafi goma yake haddacewa a yini, yana zuwa da manyan riguna uku a goge, kuma sai ya tsare ni da tambaya: "Malam Bala, a nan me maigidan yake tunani?" Ni da na rubuta ma ban sani ba. Ɗan wasa ne na gaske, ban taɓa aiki da kamarsa ba.

Wata Asabar muka zo muka tarar famfon tsakar gidan yana ɗiga cikin bokiti, makirfo yana ɗaukar ƙarar kamar ana buga ƙusa. Mai gidan na gaske ya aika aka kira mai gyara. Shi ne Ayuba, mutumin Bogoro, yana zaune a Yelwa da iyalinsa. Gajere ne, ba ya son magana, ya zo da jakar buhu, ciki akwai sifana biyu da filaya da farin tef da 'yan woshoshi a gwangwanin madara. Batir yana ci, ba zan iya jira ba, na ce ya yi aikinsa a can baya, mu mu ci gaba. Sabo yana tsakiyar yi wa tela faɗan kuɗin wuta, ƙarar sifana ta dame shi, sai ya juya, yana cikin rigar maigida da muryar maigida, ya ce, "Kai mai famfo, wai yaushe za ka gama ne?"

Ayuba bai san ana ɗauka ba. Ko kai bai ɗaga ba, ya ce, "An kusa."

Kuma gaskiya ya faɗa. Minti biyar bayan nan ya ɗaure famfon tsaf, ya wanke hannu, ya tafi. Amma batir ya riga ya mutu. Don haka a hoto, famfo yana nan yana ɗiga, mutum yana tsugune a gabansa. Na yi niyyar yanke wurin, sai dai awa ɗaya ake ba mu a ɗakin tace hoto, wani yana tsaye a ƙofa yana jira. Na bar shi, na ce wa zai lura.

Ranar Litinin bayan an nuna shirin na shiga kasuwa sayen kabon, mai shagon ya ce, "Malam Bala, mai famfon nan naku ya gama kuwa?" Kafin in kai bakin titi mutum uku sun yi mini tambayar. Mako na zagayowa mai famfon bai fito ba, wasiƙu suka fara zuwa gidan talabijin. Manaja ya kira ni ya ce in nemo mutumin duk inda yake.

Na same shi a Yelwa yana haɗa bututu a wani sabon gini. Ya ce, "Oga, famfon ta sake lalace?" Haka Hausarsa take, namiji da mace duk ɗaya ne, kuma ban taɓa gyara masa ba.

Na ce, "Lafiyarsa ƙalau. So muke ka zo ka yi kamar kana gyarawa."

Ya ajiye sifana. Ya ce, "In gyara abin da bai lalace ba?"

"Mu za mu lalata maka."

Haka kuwa aka yi. Duk Asabar da safe ni da kaina nake kwance famfon ya fara ɗiga. Ayuba ya tsuguna a gabansa yini guda yana ƙwanƙwasa. Ana kashe kyamara, sai ya ɗaure shi, ya gwada sau biyu, sannan ya ɗauki jakarsa. Ko sau ɗaya bai taɓa tafiya ya bar shi yana zuba ba.

Ga inda na yi kuskuren da ku ma za ku yi. Da na ga ana son sa, sai na zauna na rubuta masa shafi guda cur, magana mai daɗi, barkwanci a kowane layi, na ba shi kwafi na farko mai kyau. Ya kai gida, matarsa ta taya shi, ya haddace. Ya zo ya faɗa babu kuskure ko ɗaya, kuma babu wanda ya ko murmusa, har mai kyamara. Na kai wa Malam Isiyaku kaset ɗin gida. Ya kalla ya ce, "Bala, mutumin nan ba wasa yake yi ba, shi ya sa ake dariya. Ranar da ka koya masa wasa, ka rasa shi. Karɓe takardarka."

Daga nan aikin ya koma wani iri. Sau ɗaya Ayuba zai ce "An kusa" a kowane shiri, ba sau biyu ba. Sai rigima ta kai maƙura, kowa ya gaji da kowa, sannan maigida ya juya ya yi tambayar. Sai a yi shiru, ni ina ƙirga uku da yatsa a bayan kyamara, sannan amsa ta zo. In ta zo a biyu, ta yi gaggawa. In ta kai huɗu, ta huce. Wato minti ashirin da biyar nake rubutawa, mutum biyar su haddace, Sabo ya yi gumi ya jiƙa riga uku, duk don a share wa kalma biyu hanya. Wannan ita ce sana'ar. Ku kuna ganin kalma biyun, ba kwa ganin hanyar.

Kafin shekara ta zagayo, maganar ta fita daga hannunmu. Ka je wa tela, ya buɗe baki, kai da shi ku fashe da dariya kafin ya faɗa. Maigida ya tambayi abinci, a amsa masa daga kicin. An rubuta a bayan tifofi da baburan 'yan acaɓa, daga baya a bayan keke. Har wata atamfa mai zanen ɗigon ruwa aka sa wa suna An-kusa, mata suka yi ta ankonta. Sunan shirin ma ya ɓace. Ba wanda yake cewa Lamba Sha Bakwai, sai dai wasan An-kusa. Mai shagon katifa da yake ɗaukar nauyinmu ya dage lallai Ayuba ne zai yi masa talla. Na ce, "Alhaji, ka tuna fa me aka san shi da shi. Kai kuma alkawarin kai kaya gida a ranar kake yi." Ya ce ba ruwansa, shi dai a ga fuskar. Aka yi, kuma katifa ta yi ta tafiya. Tun daga ranar na daina cewa na san abin da mai kallo yake so.

Wani ɗaurin aure muka je da Sabo da Ayuba a Ƙofar Wambai. Sabo ya ci ado, yana gaba. Jama'a suka taso, ya gyara tsayuwa ya miƙa hannu, suka ratsa ta gefensa suka rufe Ayuba. Wani dattijo da bai samu shiga ba ya dawo ya kama hannun Sabo, ya ce, "Kai ma kamar na san fuskarka. Ba ka fitowa a wasan An-kusa?" Sabo ya ce, "Nakan ɗan leƙa." Muka kamo hanyar dawowa har muka zo rabuwa. Ya ce, "Malam Bala, shekara uku na yi a kwaleji." Na ce na sani. Ya ce, "To, dama tuna maka na yi." Sau biyu yana kawo mini shawarar a ce mai famfo ya koma ƙauyensu. Asabar kuma shi ne na farkon zuwa.

Za ku ce to ai Ayuba ya huta. Wata ranar Talata da hantsi matarsa, Maman Rahila, ta same ni a ƙofar gida. Ta gaishe ni yadda ya kamata, ta ƙi zama. Ta ce, "Malam Bala, kun kashe mana aiki."

Na ce, "Wane irin aiki, Maman Rahila? Duk garin nan wa ya kai mijinki suna?"

Ta ce, "Suna muke dafawa? Ana kiran sa biki, ana kiran sa suna, ya je ya faɗi maganarku a yi dariya a ba shi lemo. Amma wata huɗu ba wanda ya ba shi aikin gini. Jiya wani Alhaji ya ce masa, 'Ayuba, ina son ka, amma ni bana nake son ruwa a gidana.' Mutumin da bai taɓa kwana da aikin wani ba."

Abin da muke ba shi kuwa kuɗin sabulu ne, duk ƙungiyar haka muke. Na ce mata zan duba. Ban duba komai ba, don ban san inda ake duba irin wannan ba.

Sai muguwar shekara ta zo. Da bazara ruwan famfo ya ɗauke a unguwanni da dama, kowa ya koma sayen na 'yan garuwa. Wani babba, ba sai na faɗi sunansa ba, ya zo duba wani aikin ruwa da aka daɗe ana alkawarinsa. Aka kafa rumfa, aka tara jama'a, ya kama makirfo ya ce, "Jama'a, aikin nan da kuke gani," ya tsaya ya ja numfashi. Ni ba na wurin, amma an ce tsayawar tasa daidai ƙirga uku ce. Fili gaba ɗaya ya amsa masa.

Kwana biyu bayan nan manaja ya kira ni ofis. Ya rufe ƙofa, ya ce an ce 'yan adawa muke yi wa aiki, tun farko da manufa aka saka famfo a shirin. Na ce, "Ranka ya daɗe, batir ne ya mutu." Ya ce shi ya yarda, amma ba zai iya hawa sama da wannan bayani ba. Za a dakatar da shirin don gyaran jadawali. Na tambaye shi yaushe za mu dawo. Ya buɗe baki, na ga maganar ta zo masa har leɓe, ya haɗiye ta, ya ce, "Za ka ji daga gare mu."

Shekara guda muna jiran jin nan. Sabo ya koma koyarwa a wata makarantar kuɗi. Ni na ɗauki tafiretata na kafa tebur kusa da gidan waya, ina buga wa mutane takardar neman aiki da ta koke. Ayuba aka kira shi wani ofis aka yini ana tambayar wanda ya koya masa maganar. Ya ce ba wanda ya koya masa, tambayarsa aka yi. Da ya fito, sai ga 'yan ɗaya ɓangaren da mota, suna so ya hau dandamali ya faɗa sau ɗaya kawai. Ya ce shi ba ya hawa abin da ba tanki a kai. Waɗancan suna fushi ya faɗa, waɗannan suna fushi ya ƙi faɗa. Ƙarshe ya ɗauki jakarsa ya tafi wani gari da hoton tasharmu ba ya kaiwa. A can ya yi ta samun aiki, yana aiko wa iyali.

Da aka canza manaja, sabon ya ce mu dawo, da sharaɗi ɗaya: a gyara famfon a idon jama'a, ruwa ya zubo. Na aika wa Ayuba, kwana biyu sai ga shi. Shi ne rubutu ɗaya tak da ya taɓa cewa ya yi masa daɗi. Ranar ɗauka kuwa babu ko ɗigo a bututun unguwar. Muka sayi ruwa a wurin 'yan garuwa, muka ɗora duro a kan rufin banɗaki, Ayuba ya ja tiyo ta bayan katanga ya haɗa, yadda ba za a gani ba. Aka kunna kyamara. Maigida ya yi tambaya, Ayuba ya murɗa, ruwa ya ɓarke, ya miƙe tsaye a karon farko, ya goge hannu a wando, ya ce, "An gama."

A ganina ban taɓa rubuta shirin da ya kai wannan ba. Mako uku bayansa mai katifa ya janye. Wasiƙu suka tsaya. Muka ja 'yan watanni da tela da nas da maigida, duk suna ƙoƙari, tsakar gida ta bushe, ba mai kallo. Shirin ya mutu. Har yau ban taɓa ganin an rubuta An gama a bayan keke ba. Ayuba kuwa ba shirin ne ya wanke shi ba, mantuwa ce. Yelwa ta cika da ɗakunan ɗalibai, kowane gini yana son tanki, masu ginin ba su san shi ba sai a mai gyaran da ba ya saɓa lokaci. Ya aurar da 'ya'yansa da sifana.

Sai ku kuka zo da wayoyinku. Wani ya tono tsohon kaset ya yanko wurin, ya watsa. Yanzu fuskar Ayuba ce kuke aika wa juna in an tambaye ku ina kuka tsaya. Ba ku san sunansa ba, ba ku san sunan shirin ba, balle na wanda yake tsaye a gabansa da babbar riga.

Bara Sabo ya rasu, bayan gajeruwar jinya. A sanarwar rediyo aka ce, wanda ya taɓa fitowa a wasan An-kusa. Ayuba ya zo gaisuwa tun ranar farko, ya cire takalmi ya zauna a gefen tabarma a ƙofar gida, ana addu'a yana sunkuyar da kai. Rana ta uku labari ya kai Yelwa cewa mai famfo yana zaman makoki a gidan, sai ga ɗalibai su biyar, maza da mata, sun yi gaisuwa a gurguje, idonsu yana kansa. Wata a cikinsu ta durƙusa ta ce, "Baba, don Allah hoto ɗaya, ka ɗan faɗa mana."

Ayuba ya ce, "'Yata, ajiye waya. Kin san wanda ya mutu?"

Ta ce an ce ɗan wasa ne.

Ya ce, "To ku zauna." Suka zauna. Mutumin da na sani da kalma biyu ya yi magana ta fi rabin awa. Ya ce tun can farko, mako na biyu da muka ɗauke shi a shirin, da ya ga idon kyamara, sifana ta riƙa suɓuce masa tana faɗuwa, ya yanke shawarar ba zai sake zuwa ba. Sabo ya ja shi bayan gida ya ce, "Kada ka duba ta. Zan tsaya tsakaninku, rigata tana da faɗi. Kai dai ka duba famfonka. In lokaci ya yi zan matsa, in ka ga rana ta sauka a hannunka, ka amsa." Ya ce haka suka yi duk shekarun nan, kowace Asabar. Shi bai taɓa ganin yatsun da nake ƙirgawa da su ba, inuwar Sabo yake bi. Ya ce, "Yana jin haushina, na sani. Wani lokaci ko gaisuwata ba ya amsa. Amma bai taɓa matsawa kafin lokaci ba, bai taɓa makara ba."

Ina zaune a wurin, ni mai ba da umarni, da na tsaya a bayan kyamarar nan shekara da shekaru ina ganin ni nake juya komai. A ranar na fara jin wannan labari.

Babu wanda ya ɗauka cikin yaran, wayoyin suna kan cinya a kife. Da suka tashi tafiya, suka sake shiga suka yi wa iyalin gaisuwa, wannan karon a natse. A bakin ƙofa yarinyar ta dawo wurina, ta ce, "Baba, don Allah mene ne cikakken sunan marigayin?"

Na faɗa mata. Ta ce in maimaita a hankali, tana rubutawa.